Jakar Ɗebe Kewa: Me Za Ka Ɗauka Ranar Da Duniyar Da Ka Sani Ta Rushe?

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne zaune gaban makirufo, kuma hakan ya yi daidai da abin da za mu tattauna, domin maganar kaɗaici za mu yi.

Masu kallon finafinan Amurka sun san irin labarin nan: annoba ko yaƙi ya share duniya, birane sun zama kufai, sai mutum ɗaya ya rage yana yawo da jaka a baya. Ka duba jakar, me ke ciki? Wuƙa, ashana, gwangwanin abinci, wani lokacin bindiga. Duk kayan tsare rai ne. To tambayata yau ita ce, bayan ka tsira da ran, ka ci, ka sha, dare ya yi, babu wanda zai ce maka "sannu", me ke cikin jakar da zai hana ka zaucewa?

Kafin wani ya ce na shiga hurumin malamai, bari in fayyace. Ba tashin alƙiyama nake nufi ba. Wannan ranar guzurinta daban ne, kuma ba a jaka ake zuba shi ba. Ina maganar ranar da duniya tana nan, rana na fitowa tana faɗuwa, amma taka duniyar ta rushe. Mu nan ba sai mun kunna fim ba. Cikin daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Ya shiga Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, yawancin dabbobin gidan zu suka mutu. Dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari babu gida, har sai da aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka riga aka rufe. Ka je ka ce wa dattijon da ya shekara arba'in a layi ɗaya, ya san wanda zai buga masa ƙofa da asuba, ya san mai shayinsa, ya san inda yake zama a sahu, ka ce masa duniya ba ta tashi ba. Tasa ta tashi.

Idan irin wannan ta faru, mu da muke aikin sa kai mun haddace jerin kayan agaji kamar karatun allo: shinkafa, man girki, tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti, sabulu. Hukumar UNFPA tana raba wa mata kunshin kayan tsafta, UNICEF tana da akwatin kayan wasa na yara. Duk suna da kyau, Allah ya saka. Amma babba, uba ko uwa ko kaka, wanda ya rasa mutanensa, babu layinsa a takardar rabo. Kewa ba ta da buhu, ba a auna ta da mudu, ba ta fitowa a hoto, shi ya sa ba a kasafta mata komai.

Na san abin da wasu za su ce. "Kai malam, mutum na jin yunwa kana maganar kewa? Wannan ai ciwon masu ƙoshi ne." Na yarda abinci ne farko, babu gardama. Amma ko ƙasashen masu ƙoshin sun gano abin ya wuce shagwaɓa. A Janairun 2018 Birtaniya ta naɗa minista da aka ɗora wa alhakin matsalar kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga rayuwar ɗan Adam ta kai ta shan karan sigari har 15 a rana. Wannan fa ga mutanen da ke cikin gidajensu ne, da wuta da ruwa. Ina ga wanda ke kwance a ajin firamare cikin mutum sittin da bai san ko ɗaya ba?

Ku riƙe wannan hoton, domin a nan fim ya yaudare mu. A zahiri da wuya ka ga wanda ya tsira shi kaɗai tilo a duniya. Yawanci cikin cunkoso yake, ana numfashi a kansa, amma babu wanda ya san sunan mahaifinsa, babu wanda ya san shi tela ne ko limami ne ko gwanin ƙwallo ne a unguwarsu. Ya zama lamba a katin rabo. Saboda haka ni ƙa'idata wajen haɗa wannan jaka guda ɗaya ce. Duk abin da zan saka sai na tambaye shi: kai, kana jawo mutum zuwa wurina, ko kana rufe ni ni kaɗai? Idan na biyun ne, ya zauna a gida.

Bari in ba ku labarin da ya sa na tsaya a kan wannan. A 1915 jirgin ruwan wani Bature mai suna Ernest Shackleton, jirgin da ake kira Endurance, ya maƙale a ƙanƙarar tekun Antatika, ƙanƙarar ta matse shi har ya farfashe. Mutum 28 suka sauka kan ƙanƙara, babu gari, babu hanyar kiran kowa. Shackleton ya ce kowa ya ɗauki kayan kansa da bai wuce nauyin fam 2 ba, wato bai kai kilo ɗaya ba. Shi da kansa ya zubar da tsabar zinarensa a gabansu don su ga da gaske yake. Amma akwai wani mai suna Leonard Hussey da ke da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ɗan uwan gurminmu, kuma ma asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne. Nauyinsa ya haura kilo 5. Shugaban da ya jefar da zinare ya ce a taho da banjo. Daga baya mutum 22 daga cikinsu suka yi wata huɗu da rabi a wani tsibiri, suna kwana ƙarƙashin kwale-kwale biyu da suka kife, ranar Asabar da daddare Hussey ya kaɗa, su yi waƙa, su tsokani juna. A ƙarshen Agustan 1916 aka kwashe su, babu wanda ya mutu cikin 28 ɗin nan. Ban ce kiɗa ne ya cece su ba, naman dabbobin ruwa suka ci suka rayu. Amma mutumin da ya san sanyi da yunwa fiye da ni da kai ya auna, ya ga abin da zai tara mutane wuri ɗaya ya cancanci kilo biyar.

To mu zo gida. Ni abu na farko da zan saka, kafin komai, littafi ne ɗan ƙarami da fensir, a ɗaure cikin leda biyu. Fensir na ce, domin tawada tana narkewa idan ta jiƙe. Shafukan farko lambobin waya ne da sunaye: iyaye, 'yan uwa, surukai, maƙwabta, abokin da ke Kano, gwaggon da ke Damagaram. Jama'a ku gwada yanzu, ku ajiye wayar, lamba nawa za ku iya kawowa da ka? Yawancinmu daga tamu sai ta mutum ɗaya ko biyu. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, dangin gaba ɗaya sun nutse tare da ita. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da rajistar sama da mutum 20,000 da suka ɓata a Najeriya, mafi yawa a Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓata. Masu aikin haɗa iyalai abin da suke fara tambaya shi ne cikakken suna, sunan uba da na kaka, gari, unguwa, hoto idan akwai. Don haka a cikin littafin nan a saka hotunan iyali guda biyu ko uku, a kai wa masu lamineshan su rufe su da roba. Hoton zai yi aiki biyu: ka kalla idan kewa ta taso, ka nuna idan kana cigiya. Sauran shafukan kuma na rubutu ne. Ka rubuta kwanan wata kullum. Wanda ya daina sanin yau wace rana ce, ya fara sakin igiya.

Sai rediyo. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Matasa za su ce ai waya ta ƙunshi komai. Ta ƙunsa, matuƙar akwai sabis da caji. Mutanen Zamfara sun ga yadda aka katse layukan sadarwa a Satumban 2021, abin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutum sai ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya ce wa ɗansa "muna lafiya". Maiduguri kuwa tun Janairun 2021 da aka lalata turakun wuta ta daɗe cikin duhu. Rediyo ba ruwanta da sabis. Ka samu mai kama gajeren zango da FM, mai aiki da batir da sola, in da hali mai hannun da ake murzawa. Irin wannan ta murzawa wani Bature ne, Trevor Baylis, ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1990, musamman don wuraren da batir ke tsada a Afirka.

Amma ba don labarai kawai nake son rediyo ba. Abu biyu take yi. Na ɗaya, tana yanka maka yini gida-gida. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, iyayenmu da kakanninmu sun saba tsara yininsu da shirin safe da na rana da na dare. Muryar da ka saba ji a tsakar gidanku, idan ka ji ta a sansani, wani abu na gida ya biyo ka. Na biyu, kuma shi ne babba, rediyo ba ta da sirri. Ka kunna ta a gindin bishiya, minti biyar ba za a yi ba sai wani ya matso ya ce "Malam, me suka ce?" Shi ke nan, hira ta fara. Shi ya sa a jakata babu abin toshe kunne, wannan iyafis ɗin. Iyafis katanga ce. Wayar da zan saka ma ƙarama ce mai tocila, wadda yara ke ce wa rakani-kashi, tana kwanaki ba a yi mata caji ba, da memori a ciki mai karatun Alƙur'ani da muryoyin 'yan gida. Ku ɗauki muryar iyayenku tun suna nan, jama'a. Ku sa Hajiya ta yi muku tatsuniya ɗaya ku naɗa.

Sai butar shayi 'yar ƙarama, da ganyen shayi, da sukari, da kofuna. Kofi nawa? Idan ka saka ɗaya, ka haɗa jakar mai kaɗaici. Ka saka uku. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu gane wannan, ku dubi yadda fada take a Damagaram ko Maraɗi: gawayi kaɗan, buta ɗaya, a dafa na farko, a dafa na biyu, a dafa na uku, awa biyu ta wuce ana magana. Shayin ba shi da yawa, jinkirin dafa shi ne amfaninsa. Kuma akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. Wanda bala'i ya faɗa wa kullum hannunsa a miƙe yake, shi ake ba, shi ke godiya, shi ke bin layi. Wannan yana cin mutum a hankali. Ranar da ya iya cewa wani "zo ka sha shayi", ya koma mai gida, ko da gidan tabarma ce.

Na taɓa ganin haka a wata makaranta da aka mayar sansani. Wani dattijo kwana da kwanaki ba ya magana da kowa, ya karɓi abinci ya juya wa mutane baya. Sai wani yaro cikin masu aikin sa kai ya tona ramukan dara a ƙasa kusa da shi, ya kira abokinsa suka fara, kuma wallahi ba su iya ba. Dattijon ya kalla, ya kalla, ya kasa haƙuri, ya ce "Kai, ba haka ake yi ba, matsa." Kafin la'asar mutum goma ne a kansu ana gardama. Dara ba ta da nauyi, gidaje 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, tsinke da tsakuwa sun isa. Amma duk da haka ka saka 'ya'yan dara a ƙulli, ko ludo, ko karta, domin ganinsu ne ke tuna maka cewa ana wasa a duniya.

Ga mata, kuma a nan sai da na tambayi yayyena da ƙannena, abin da suka fara faɗa shi ne lalle, da matsefi, da tsinken kitso, da turaren wuta. Da farko za ka ce kwalliya ce. Ka sake tunani. Mace ba ta yi wa kanta kitso mai kyau, sai ta sa kanta a cinyar wata. Awa guda hannun mutum na taɓa ka, ana hira. Wanda ya rasa 'yan uwansa wani lokacin sai ya yi watanni babu wanda ya taɓa shi da hannun tausayi. Turare kuwa, duk wanda ya shiga gidan Barebari ko Shuwa ya san matsayinsa. Ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa inda ƙwaƙwalwa ke ajiye tunani, shi ya sa ƙamshi ɗaya zai mayar da kai ɗakin mahaifiyarka nan take. Sai dai a yi hattara, wannan wuƙa ce mai kaifi biyu, zai iya kwantar da hankali, zai iya fasa kuka. Ni dai ina ganin kukan ma ba laifi ba ne idan akwai wanda ke kusa.

Ƙaramin Alƙur'ani da carbi, ko Littafi Mai Tsarki ga 'yan uwa Kirista, wannan ba sai na faɗa ba, kowa zai ɗauka. Abin da zan ƙara shi ne, a maimakon darduma mai cin mutum ɗaya, ka naɗe shimfiɗar da za ta ɗauki uku. Ku tuna mahaƙan nan 33 na ƙasar Chile da rami ya rufta da su ranar 5 ga Agusta 2010, kusan mita 700 a ƙarƙashin ƙasa. Kwana 17 babu wanda ya san suna raye, suka yi kwana 69 kafin a fito da su. Sun raba kansu rukuni-rukuni, kowa da aikinsa, suna da lokacin addu'a tare kullum. Da aka samu aka huda ɗan rami da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ban da abinci da magani, wasiƙun iyalansu ake zura musu. Har fitilu aka tsara musu don su bambance dare da rana. Mu kuwa an riga an yanka mana yini kashi biyar, kuma an ce mu yi a jam'i. Saura mu kawo shimfiɗar.

Akwai kuma maganar aikin hannu. Allura da zare. A Maiduguri mutanen Bama da dama da suka yi gudun hijira ɗinkin hula ne ya riƙe su, a zauna rukuni ana ɗinki ana hira, a sayar a ci abinci. Sai iri: alayyafo, yakuwa, kuɓewa, a ƙulle a takarda. Alayyafo cikin kamar wata guda ka fara tsinka, ko a fasasshen bokiti ka shuka shi. Mandela ma da aka mayar da shi kurkukun Pollsmoor a 1982, lambu ya yi a saman bene cikin durom-durom da aka raba biyu, har masu gadinsa yana ba kayan miya. Wanda ya shuka abu yana da dalilin tashi gobe da safe.

Yanzu matsalolin, domin ba na son in sayar muku da mafarki. Na farko, mai jin yunwa zai sayar da rediyon. Zai sayar, kuma ba zan zarge shi ba. Shi ya sa idan ƙungiya ce za ta raba, kada ta raba kafin abinci, kuma rediyo da butar shayi a ba rukunin gidaje biyar ko goma, a damƙa a hannun mutum ɗaya da suka zaɓa. Abin da yake na jama'a ya fi wuyar sayarwa, kuma dole a taru a kansa, wanda dama shi muke nema. Na biyu, jaka ɗaya ba ta yi wa kowa. Kurma me zai yi da rediyo? Shi littafi da fensir da tocila ne bakinsa, domin idan duhu ya yi ba a ganin hannunsa, an rufe masa baki ke nan. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta fito gindin bishiya ba, ita sai dai a kai mata hirar inda take. Tsohon da idonsa ya raunana hoto ba zai yi masa amfani ba, murya yake so. Don haka kada mu zauna a ofis mu yanke wa mutane, a tambaye su.

Na uku ya fi damuna, domin ya shafi sa'o'ina. Idan ba mu saka komai a wannan gurbin ba, akwai masu jiran su cike shi. Mun san abin da saurayi ke nema idan dare ya yi masa tsawo, ba aiki, ba makaranta, ba wanda ya damu da inda yake. Tiramadol ma jakar ɗebe kewa ce, ta shaiɗan. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba a hana dalilin shan sa ba. Kuma mai neman yaran da zai ɗauka aikin ta'addanci ko daba, wanda ba shi da kowa yake fara nema, ya ce masa "zo, mu ne 'yan uwanka." Ƙwallo ɗaya da famfonta ba za ta magance wannan duka ba, amma yaro ashirin da biyu za ta tara, kuma a cikinsu za a san wanda bai zo ba yau.

Wani zai ce, to idan fa da gaske ni kaɗai na rage, kamar a fim? Kun tuna fim ɗin Cast Away na shekarar 2000, inda Tom Hanks ya maƙale a tsibiri, ya zana fuska a jikin ƙwallo yana yi mata magana? Mutane sun yi dariya, amma haka ɗan Adam yake, idan bai samu aboki ba sai ya ƙera. Idan ka samu kanka a haka, littafin nan shi ne abokin hirarka, shukar nan ita ce mai jiran ka, rediyon nan ita ce shaidar cewa akwai wasu a wani wuri. Kofuna biyun da suka rage kuma ka wanke su ka ajiye, ka tashi ka nemi masu sha.

Maganar mazubi, kada ku sayi wata jaka mai tsada. Robar fenti mai murfi, wadda aka wanke, ta fi komai: ruwa ba ya shiga, ana ɗora ta a ka a ratsa ruwa, idan an isa kuma ta zama kujera ko bokiti. A ajiye ta inda hannu zai kai cikin duhu, kowa a gidan ya san wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta aiko da takarda.

Ga aikin da zan ba ku kafin mako mai zuwa. Yau da daddare ku samu takarda ku rubuta lambobi goma, ku koya wa ƙananan yaran gidanku cikakken sunan mahaifinsu da sunan unguwarsu. Sannan ku turo mini saƙon murya: idan aka ba ku ƙa'idar Shackleton, abin da bai kai kilo ɗaya ba, ban da abinci da magani, me za ku ɗauka? Musamman ina son jin 'yan uwanmu na Maiduguri da Mokwa da duk wanda ya taɓa barin gida da kayan jikinsa kawai, ku kuka san abin da kuka fi nema a daren farko. Zan saka wasu daga cikin muryoyin a shiri na gaba in Allah ya kai mu.